Rarar Bayani da Gyaran Kuskure: Daga Kwamfuta Zuwa Rubutun Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyoyi biyu da masana kwamfuta ke bi wajen kauce wa kuskure, sannan a dubi abin da suke nunawa game da rubutun Hausa. Duka biyun sun dogara ne a kan rarar bayani, wato ƙarin abin da saƙo ke ɗauke da shi fiye da wanda ya wajaba.

2.0 Maimai da Gyara

Hanya ta farko ita ce maimai. A shekarar 1956 John von Neumann ya nuna cewa ana iya sa na'urori da dama su yi aiki guda, a ɗauki amsar da ta fi rinjaye. Sai dai maimai ba ya maganin kuskuren da ke cikin asalin tsari. Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta, saboda na'urorinta biyu masu auna alkibla manhaja ɗaya suke ɗauke da ita, suka kuma tsaya a kan kuskure ɗaya.

Hanya ta biyu kuwa Richard Hamming ne ya wallafa ta a 1950. Maimakon a aika alamomi 4 sau uku su zama 12, sai a ƙara musu 3 kacal da aka lissafo daga jikinsu. Idan ɗaya daga cikin 7 ɗin ta gurɓata, lissafin zai nuna gurbinta, a gyara.

Ɗan kasuwar hatsi a Kontagora yana cin moriyar irin wannan dabara kullum. Lambar asusun banki mai alƙaluma 10, wadda Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2010, alƙalaminta na ƙarshe na tantancewa ne. Idan aka yi kuren alƙalami ɗaya, lissafi ba zai daidaita ba. Amma ganowa kawai take yi, ba ta gyarawa.

3.0 Matsayin Hausa

Hausar baka cike take da rara. A jimlar "yarinyar ta zo", jinsi ya bayyana a suna, da ɗafin -r, da wakilin suna. Haka "ba ... ba" ke kewaye jimlar korewa. Ko hayaniyar kasuwa ta haɗiye guda, saura za su cike gurbin.

Rubutun boko kuwa ya zubar da kaso mai yawa na wannan rara, domin ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo duk ɗaya ne a takarda. To, idan aka ƙara da yar da lanƙwasa, kamar yadda ake yi a saƙonnin waya, "baƙi" ya koma "baki", "ƙasa" ta koma "kasa". Manhajar duba rubutu mai dogaro da jerin kalmomi ba za ta kama wannan ba, tun da kowace kalma ce karɓaɓɓiya. A ganinmu uzurin rashin haruffa ya ƙare, domin ƙ da ɗ da ɓ suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990. Abin da ya rage shi ne malaman Hausa, irin waɗanda ake horarwa a Kontagora, su riƙa ƙirga rashin lanƙwasa a matsayin kuskure a rubutun na'ura, kamar yadda suke yi a na hannu.