Taswirar Tunani Ta Intanet: Sababbin Gyare-gyare Da Amfaninsu Ga 'Yan Kasuwa

Cikin 'yan shekarun nan kamfanonin da ke ƙera manhajojin tsara ayyukan ofis sun duƙufa wajen inganta wata dabara da ake kira taswirar tunani. Da yake hukumomi da kamfanoni da dama sun fara shigar da kuɗin waɗannan manhajoji cikin kasafinsu na shekara, ya kamata ɗan kasuwa ya san abin da ake sayar masa kafin ya zura hannu aljihu.

Ita dai taswirar tunani hanya ce ta rubuta shiri a kan shafi guda. Akan rubuta babban al'amari a tsakiya, sa'an nan a ja rassa daga gare shi, kowane reshe na ɗauke da wani ɓangare na al'amarin, kowane ɓangare kuma ya sake yin ƙananan rassa. Wani marubuci ɗan ƙasar Ingila mai suna Tony Buzan, wanda ya rasu a 2019, shi ne ya yayata wannan dabara ta cikin wani shirin talabijin na BBC a 1974. A wancan lokaci da takarda da alƙaluma masu launi ake yin ta. Daga baya aka mayar da ita cikin kwamfuta, inda manhajoji irin su MindManager da FreeMind suka yi fice, amma kowane mutum a kan tasa na'urar yake aiki shi kaɗai.

A 2007 ne kamfanin MeisterLabs, wanda Michael Hollauf da Till Vollmer suka kafa, ya fito da MindMeister, manhajar da ke aiki kacokan ta intanet. Babban abin da ta zo da shi shi ne cewa mutane da yawa na iya buɗe taswira ɗaya a lokaci guda, kowa daga inda yake, kowa kuma yana ganin abin da ɗan'uwansa ke rubutawa nan take. A ɗauki misalin dillalin hatsi da ke saye a kasuwar Dawanau yana kaiwa Legas. Zai iya ware reshe ɗaya don sayen kaya, ɗaya don sufuri, ɗaya don ɗakin ajiya, ɗaya kuma don basussukan da yake bi. Wakilinsa na Kano ya cike reshen farashi, akawunsa na Legas ya cike na bashi, shi kuwa maigida ya ga hoton harkar gaba ɗaya ba tare da an tara kowa a ɗaki ɗaya ba.

Gyara na farko mai muhimmanci ya shafi aiwatarwa. An daɗe ana kukan cewa akan zana shiri mai kyau a taro, a watse, shi ke nan ba wanda ya sake waiwayarsa. Don magance haka kamfanin ya fito da wata manhaja ta biyu mai suna MeisterTask a 2015, ya kuma haɗa ta da MindMeister. Yanzu ana iya ɗaukar reshe guda a mai da shi aiki, a ɗora shi a kan wani ma'aikaci, a sa masa ranar gamawa. Ta haka shugaban aiki zai san wanda ya cika alkawari da wanda ya yi sakaci.

Gyara na biyu ya zo a 2021, lokacin da aka sake fasalin shafin zanen baki ɗaya. Ban da siffar rassa da aka saba da ita, mai aiki na iya juya bayanansa zuwa jadawalin muƙamai, wato irin wanda ke nuna wane ne ke ƙarƙashin wane a kamfani, ko kuma zuwa jeri daga sama zuwa ƙasa. Haka kuma akwai hanyar karanta taswirar a matsayin kanun batutuwa, wadda ta fi dacewa da wanda zai rubuta rahoto ko takardar neman rance daga banki. Bugu da ƙari, manhajar na adana tarihin duk canjin da aka yi, ta yadda idan wani ya goge abu bisa kuskure za a iya komawa ga yadda yake a da. Masu biyan kuɗi kuma na iya fitar da taswirar a matsayin takardar PDF ko ta Word don bugawa.

Gyara na uku ya shafi kasuwar baki ɗayanta. Tun daga 2023 manhajoji irin su Miro da Xmind suka shigar da ƙirƙirarriyar basira cikin aikinsu. Mutum zai rubuta batu, na'ura ta zana masa rassan farko cikin daƙiƙoƙi. Wannan na rage ɓata lokaci, sai dai na'urar daga rubuce-rubucen da aka horar da ita take ɗebo amsa, ba ta san kuɗin motar da aka yi jiya ba, ba ta kuma san halin abokin cinikinka ba. Abin da ta zana daftari ne da ke bukatar wanda ya san harkar ya tace shi.

Dalilin wannan gasa a fili yake. Kamfanin Corel na Kanada ya sayi MindManager a 2016, a watan Janairun 2022 kuma masu zuba jari suka ƙiyasta darajar Miro a kan Dala biliyan 17.5. Waɗannan kamfanoni galibi suna karɓar kuɗin haya ne wata-wata ko shekara-shekara, bisa ga yawan ma'aikatan da ke amfani da ita. Saboda haka dole su riƙa fito da sabon abu don kada abokin ciniki ya janye.

To a nan ne ɗan kasuwar Nijeriya ya kamata ya yi lissafi. Da kuɗin waje ake biyan wannan haya. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin Naira a watan Yunin 2023, ana canjin Dala ɗaya a hukumance a kan kimanin Naira 460, amma a 2024 ta haura Naira 1,500. Ke nan hayar da ba ta ƙaru da ko sisi a Dala ba ta ninka fiye da sau uku a Naira. Idan aka lissafa da ma'aikata goma ko ashirin, abin ba ƙarami ba ne ga matsakaicin kamfani.

Abu na biyu shi ne sirri. Duk abin da aka rubuta a taswirar yana zaune ne a na'urorin kamfanin da ke ƙasar waje. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni alhakin kula da bayanan mutanen da ke hannunsu, har da sharuɗɗan fitar da su zuwa ƙetare. Don haka bai dace a zuba sunayen abokan ciniki da lambobin asusunsu a taswirar da aka buɗe wa kowa ba. Na uku, manhajar da ke aiki ta intanet tana tsayawa idan sadarwa ta yanke, shi ya sa wanda ke wurin da layi ba shi da ƙarfi zai fi samun sauƙi da irin Xmind, wadda ake girkawa a kan kwamfuta.

Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. MindMeister na ba da damar zana taswira uku kyauta, sauran ma galibi suna da irin wannan rangwame. Abin da ya fi shi ne kamfani ya zaɓi aiki guda, kamar shirin buɗe sabon reshe, ya gwada na wata ɗaya ko biyu, ya duba ko an rage yawan taruka kuma ayyuka na ƙarewa a kan lokaci. Idan an ga haka, sai a biya wa waɗanda ke tsara aiki kaɗai, a bar sauran ma'aikata su riƙa karɓar taswirar a takarda.