Wa Ya Kamata Ya Yi Jawabi a Taron Nakasassu na Garwa?

Duk 3 ga Disamba, ranar nakasassu ta duniya, akan kafa rumfa a harabar cibiyar koyar da sana'a a Garwa. Kujeru masu taushi na gaba, kekunan guragu na can gefe inda rana ke dukan ƙarfe. Babban mai jawabi yakan kasance jami'in ma'aikatar jin daɗin jama'a, ko likita, ko ma'aikacin ƙungiyar agaji daga Yawunde, kuma sai an karanto takardun shaidarsa da Faransanci kafin ya karɓi lasifika. Ba wanda ke musun iliminsu. Sai dai sukan yi magana kamar masu sauraronsu tsara ɗaya ne, alhali ƙarƙashin rumfar nan zamani biyu ne ke zaune, kowanne da irin kukansa.

Dattijon makahon da ya taso wajen Tuboro ko Rai Buba, sau da yawa ƙudan bakin rafi ne ya ci masa ido, tun kafin maganin Mectizan, wanda aka fara bayarwa kyauta a 1987, ya ratsa ƙauyuka. Da sadakar ƙofar masallaci ran Juma'a ya ci da iyali, yana bin sarkin makafi, hannunsa a kafaɗar ɗan jagora. Matashin da ke kusa da shi kuwa wata ƙila hatsarin babur ne ya raba shi da ƙafa, ko kuma makaho ne mai wayar da ke karanta masa saƙo, burinsa jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 ko aiki a kamfanin Sodecoton. Dattijo na ganin sadaka haƙƙinsa ce da addini ya tanada, matashi na ganin bara zubar da mutunci. Inda rigimar ta fi zafi shi ne kan ɗan jagora, domin yawanci jika ne ɗan shekara takwas ko goma, kuma duk safiyar da ya riƙe sandar kakansa, safiya ce da bai shiga aji ba. Wannan magana ba ta faɗuwa a bakin baƙo. Wanda zai iya cewa "Baba, a saki yaron nan ya tafi makaranta" da Fillanci ko Hausa, a saurare shi, sai wanda shi ma an taɓa ja masa sanda.

Za a ce ai jami'i ne ya san doka, kuma haka ne. Dokar nakasassu ta 13 ga Afrilu 2010 ta tanadi sauƙin kuɗin makaranta ga nakasassu da 'ya'yan marasa ƙarfi daga cikinsu, amma sai a Yulin 2018 aka fitar da ƙa'idojin aiki da ita, kuma da Faransanci da Turanci aka rubuta ta. Jami'in ya zo, ya zauna, ya amsa tambaya kan katin nakasa, nan amfaninsa yake. Wasu kuma za su ce ɗora sarkin makafi kan dandali ɗaure wa bara gindi ne. Ban yarda ba. Shi ke raba gardama tsakanin mutanensa, shi ya san gidan da aka ɓoye yarinya kurma a ɗaki da wanda bai taɓa jin labarin katin ba. A haɗa shi da malama gurguwa ko tela kurma da ya ci gajiyar karatu, su yi ja-in-jarsu a gaban jama'a, a kuma kawo mai fassara da hannu domin kurame su bi zancen.