Yabo da Sassauci a Cikin Aji

Masanin halayyar ɗan Adam, B.F. Skinner na Amurka, ya nuna a littafinsa na 1938 cewa halin da ya jawo lada yakan maimaitu. Da ɓeraye ya yi gwajin, amma malamai sun amfana.

Wani lokaci malami yakan ba ɗalibi abin da yake so: tauraro a littafi, tafin 'yan aji, ko yabo nan take. "Ka tsara lissafinka da kyau" ya fi "madalla" tasiri, domin yaro ya san abin da zai sake yi.

Wani lokaci kuma a ɗauke masa abin da ya ƙi: wanda ya gama aikinsa kafin a tashi, babu aikin gida yau. Bulala ba ta cikin wannan lissafi. Ita hana hali take yi.