Motar da Auta Ya Ƙera a Kankia: Darasin da Murfin Gaba Ya Koya wa Gidanmu

Ina bakin aikin dare aka shigo da shi, hannunsa na hagu naɗe da tsumma mai warin man burki. Sai da na ɗaga kai sannan na ga ashe ƙanena ne, autan gidanmu. Ya yi ƙoƙarin yin murmushi ya ce, "Yaya, kada ki gaya wa Inna." Yatsu biyu ne suka daddatse, ɗaya har da karaya. Motarsa ce ta yi masa haka, alhali ba ta taɓa hawa titi ba, tana tsaye a bayan gidanmu a Kankia.

Shekara biyu ke nan Auta yana haɗa ƙaramar mota da hannunsa. Injin da ƙafafun na wata tsohuwar Starlet ne da ta yi hatsari. Sauran tarkacen kuma a Ƙofar Ruwa ta Kano yake tsinto su duk lokacin da ya tara ɗan abin da ya samu a gareji. Inna tana kiranta "kishiyar karatu", mu kuma muna yi masa dariya. Daren nan ne dariyar ta ƙare, na fara tambayar abin da ya kamata in tambaya tun farko: wannan murfin da ya faɗo masa a hannu, yaya aka maƙala shi?

Gaba mai buɗewa gaba ɗaya

A yawancin motocin da muka sani, bonet yana da hinji a wajen gilashin gaba, ana ɗaga shi daga goshin mota. Auta bai so haka ba. Shi so yake duk gaban motar, wato bonet da kumatun da ke rufe tayoyi da fitilu, su zama abu guda wanda zai kifa ta gaba, inji ya fito fili. Duk wanda ya taɓa ganin an tuntsurar da kan tirela a bakin titin Kano zuwa Katsina don a duba inji, ya san irin abin da nake nufi.

Dabarar tsohuwa ce. A Ingila an yi ta a jikin Triumph Herald a 1959, da Jaguar E-Type a 1961, da Triumph Spitfire a 1962. A can kuma haɗa mota a gida sana'a ce da aka sani: tun 1957 kamfanin Lotus yake sayar da motarsa Seven a warwatse, mai saye ya haɗa da kansa. Su dai suna da zane da awo na kowane rami da kowace kusa. Auta kuwa da ido ya auna nasa, sai tef da alli.

Amfanin wannan tsari biyu ne. Na farko, makanike yana isa ko'ina a jikin inji ba tare da ya yi goho ba. Na biyu, idan mota na gudu, iskar da ke bugo ta daga gaba danne murfin take yi. Bonet ɗin da muka saba da shi kuwa, in makullinsa ya kwance, iska ɗaga shi take ya mare gilashi ya rufe wa direba ido, shi ya sa masu ƙera mota suke sa masa ƙugiya ta biyu. Amma gaba mai kifawa yana da nauyi ƙwarai, musamman in da ƙarfe aka yi shi kamar na Auta, kuma abin da ke da nauyi in ya dawo ba ya sallama.

Inda ya kuskure

Da hannun ya fara warkewa, na ce masa ba zai sake taɓa motar ba sai mun kai ta wurin wanda ya fi shi sani. Muka ɗora ta a bayan a-kori-kura zuwa wurin wani dattijon mai walda a ƙasar Kusada, wanda ya daɗe yana gyaran bodin manyan motoci. Ya zagaya ta sau biyu, ya ɗaga murfin ya sauke, sannan ya dubi Auta ya ce, "Yaro, hannunka na da kyau, amma ka yi gaggawa. Ƙofar ɗaki ka sa wa mota."

Gaskiya ya faɗa. Hinjin ƙofar gida guda biyu Auta ya liƙa, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu. Saboda ba a kan layi ɗaya suke ba, duk buɗewa sai murfin ya murɗe. Ya kuma liƙa su a jikin siririn ƙarfen bodi, har wurin ya fara tsagewa. Abin da ya tokare murfin da shi kuwa guntun icen darbejiya ne. Ranar da abin ya faru, iska ta kaɗa, icen ya zame, hannunsa na kan bakin bodi.

Yadda aka sake aikin

Kwana uku muka yi muna zuwa, ni ina zaune a kan benci ina kallo. Ga abin da na gani, ko zai amfani wani yaron.

Kafin a kunna injin walda, sai da aka cire batir aka kuma sauke tankin mai aka kai shi nesa. Daga nan dattijon ya sa aka ajiye murfin a rufe daidai inda ake so ya zauna, aka cusa 'yan guntayen kwali a tsakaninsa da sauran bodi don ratar ta zama ɗaya ta ko'ina. Ya ce murfi a rufe yake kwana, don haka daga rufe ake fara awo.

Sai batun hinji. Ya yanko kunnuwa huɗu daga ƙarfe mai kauri, biyu na jikin shasi, biyu na jikin murfi, ya huda su. Kafin ya liƙa ko ɗaya, sai ya zura doguwar sandar ƙarfe miƙaƙƙiya ta cikin dukkan ramukan, daga hagu zuwa dama. Wannan sandar ce ke tabbatar da cewa ɓangarorin biyu a kan layi ɗaya za su juya. Ya ɗan ɗiga walda kaɗan-kaɗan, aka buɗe a hankali mutum biyu na riƙe, ana duba ko haɓar murfin za ta taɓa ƙasa, ko cikinsa zai gogi lagireto, ko taya za ta ci shi in an karya sitiyari. Sau biyu ana fasa ɗigon ana matsar da kunnuwan. Sai da komai ya zauna sannan ya yi cikakkiyar walda, ya kuma ƙara firam na bututun ƙarfe a cikin murfin don nauyin ya bazu.

Bayan hinji akwai abubuwa huɗu da ya ce babu wanda za a bari. Igiyar ƙarfe a kowane gefe, wadda za ta tsayar da murfin kada ya wuce iyaka ya fasa fitilu a ƙasa. Sandar tokare mai shiga rami a kulle ta da fil, yadda iska ko kafaɗar mutum ba za ta zamar da ita ba. Makulli biyu a baya, hagu da dama, tare da 'yan turaku masu shiga ramukansu, don kada murfin ya riƙa rawa a kan gargada ko ya zamo wajen gilashi in an yi karo. Sai wayoyin fitilu: aka bi da su ta kusa da hinji inda motsi ya fi ƙanƙanta, aka bar musu sassauci, aka ja wayar at ta daban zuwa shasi, domin hinji mai maiƙo ba ya kai wuta da kyau.

Abin da nake gani a asibiti

Auta ba shi kaɗai ba ne. Yaran gareji da na masu walda suna zuwa mana da irin waɗannan raunuka, kuma sau da yawa maganin da aka fara yi musu ya fi raunin ɓarna. Don Allah kada a zuba man burki, ko fetur, ko baƙin mai a kan ciwo. A wanke da ruwa mai tsabta, a danne da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a cire zobe kafin yatsa ya kumbura, a zo asibiti a duba ƙashi a kuma yi allurar tetanus in da bukata. Wanda ruwan lagireto ya ƙona, a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi na kamar minti 20. Wanda ya kalli hasken walda ba gilashi, ciwon idon sai bayan sa'o'i yake tasowa, galibi cikin dare, kamar an watsa masa yashi. Kada a ɗiga masa komai na gida, a kawo shi a duba.

Ga iyaye

Da Inna ta ga bandeji, cewa ta yi a sayar da motar ga 'yan gwangwan. Na fahimce ta, amma ban goyi bayanta ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, wanda aka naɗa shugaban hukumar ƙera motoci ta ƙasa a 2017, daga zanen mota a takarda ya fara. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic. A Maiduguri ga Mustapha Gajibo da ya mayar da motocin haya masu amfani da lantarki. Yaron da Allah ya sa wa wannan sha'awa, in an hana shi a fili zai yi a ɓoye, kuma a ɓoyen ne ake tokare ƙarfe da icen darbejiya. Gara a haɗa shi da ƙwararre, a saya masa gilashin walda da safar hannu, a kuma kafa masa sharaɗi.

Namu sharaɗin shi ne motar ba za ta hau titi ba sai jami'an duba lafiyar motoci sun gan ta sun amince, kuma ba zai ɗauki yaran unguwa a ciki ba. Ya yarda.

Ranar da aka dawo da ita gida, Inna ta fito ta tsaya a bakin zaure. Auta ya saki makullan biyu, ya kifa gaban da hannu ɗaya, ya sa sandar tokare, ya kulle fil. Inna ta matso ta girgiza murfin da ƙarfinta, bai motsa ba. Ta dubi yatsan da har yanzu bai gama lanƙwasawa ba, ta ce, "To, Allah Ya yi albarka. Amma in za ka sa hannu a ciki, ka fara kiran yayarka ta duba fil ɗin nan."