Babur A Ƙasar Katagum: Daga Kunnen Bakanike Zuwa Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya ratsa ta Azare, lalle ya ga yadda babur ya zama ƙafar jama'a a wannan yanki. Kwalta ta sada Azare da Jama'are da Misau da Potiskum, amma da zarar mutum ya saki titi ya nufi ƙauyukan da ke bayan Madara ko Bulkacuwa, ko kuwa rugage da tungayen masunta na bakin kogin Jama'are a wajajen garin Katagum, to, sai rairayi da burtali, inda mota ba ta shiga sai da wahala. A can babur ne ke ɗaukar buhun gero da tunkiya da malamin makaranta, shi ne kuma ke kawo mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Saboda haka maganar ƙarkon babur a ƙasar Katagum magana ce ta abinci da lafiya, domin ranar da injin ɗan acaɓa ya buga, ranar nan ba a ɗora tukunya a gidansa ba sai da bashi.

Wannan ƙasa ta dawaki ce tun zamanin Malam Zaki, wanda ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19, kuma ko bayan da aka mayar da hedikwatar masarauta Azare a 1916 doki da jaki da raƙumi ne suka ci gaba da ɗaukar mutane da kaya. Daga baya keke ya shigo. Babur kuwa bai yawaita a hannun ma'aikata ba sai lokacin ƙarin albashin Udoji a farkon 1975, sa'ad da akawu da malamin firamare da malamin gona suka karɓi ariyas ɗinsu a dunƙule, suka nufi Kano suka komo bisa Vespa da Honda da Yamaha da Suzuki. Dattawan da suka ga wannan zamani har yanzu suna yabon ƙarkon waɗannan babura, kuma yabon nasu yana da tushe.

A dubi labarin Honda CG125, wanda aka fitar a 1975. Kafin a ƙera shi, kamfanin ya aika injiniyoyinsa daga Japan zuwa ƙasashen kudu maso gabashin Asiya domin su gano abin da ke kashe baburansu a can. Suka tarar mutane suna ɗora wa babur iyali sukutum da kaya, ba a sauya baƙin mai sai ya koma kamar kwalta, ba a kuma kai shi wurin bakanike sai ya ƙi tashi. Maimakon su tsaya yi wa masu saye wa'azi, sai suka komo gida suka ƙera inji mai sauƙin gini wanda zai jure wannan sakaci, da matatar iska wadda ake wankewa a mayar. Watau sun ƙera babur ne bisa halin mai shi. Wannan kamfani ya kafa masana'antar harhaɗa babura a Ota ta Jihar Ogun a 1979.

Bayan matsin tattalin arziki da ya biyo shirin gyara na 1986, baburan Japan suka fi ƙarfin talaka, sana'ar acaɓa kuma ta kankama. Sai baburan Sin irin su Jincheng suka cika kasuwa da araha, kana daga baya Bajaj Boxer na Indiya ya zo ya karɓe yawancin aikin ƙauye. Masu babura da yawa sukan ce Jincheng na farko yana da saurin tashi da sauƙin gyara, sai dai hayaƙi da shan mai, kasancewarsa irin injin da ke ƙona baƙin mai tare da fetur. Boxer kuwa an san shi da tsimin mai da ɗaukar kaya da doguwar kujera. Hana acaɓa da aka yi a birnin Kano a Janairun 2013, da wanda aka yi a sassan Legas a 2020 da 2022, ya sa samarin Arewa da yawa suka komo garuruwansu da baburansu, aka ƙaru a kan fasinja ɗaya.

Sirrin Kafireto

Yawancin baburan da ke aiki a wannan yanki da kafireto suke tafiya, kuma a nan ne ake yin abin da kanikawa ke kira setin. Aikin kafireto shi ne gauraya fetur da iska kafin su shiga silinda filogi ya kunna musu wuta. Masana sun auna cewa fetur yana ƙonewa sarai idan an haɗa awo ɗaya nasa da awo 14.7 na iska, bisa nauyi. In fetur ya yi yawa, sai babur ya riƙa baƙin hayaƙi, filogi ya yi baƙi ƙirin, mai ya tafi a banza. In kuwa fetur ya yi kaɗan, iska ta rinjaye shi, sai wutar da ke cikin silinda ta yi zafi fiye da kima.

Gwanin bakanike ba shi da ma'aunin komai sai kunnensa da idonsa da sukudireba. Zai tayar da inji ya bar shi ya yi ɗumi, ya riƙa juya ɗan sukurun da ke gefen kafireto a hankali yana sauraro har ya ji bugun ya daidaita, sa'an nan ya kwance filogi ya dubi bakinsa. In ya ga launin ƙasa-ƙasa, kamar na gyaɗar da aka soya daidai, ya san seti ya zauna. In ya ga ya yi fari fat, ya san injin yana jin yunwar mai. Wannan ilimi ne na gaske, ko da yake ba a makaranta aka koye shi ba, kuma wanda ya raina shi bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake yinsa ba.

Amma akwai abin da masu babura da yawa ba su sani ba. Wancan sukuru na gefe ikonsa bai wuce lokacin da inji ke tsaye yana aiki ko ana tafiya a hankali ba. Da zarar an murɗa totur zuwa tsakiya, wata 'yar allura ce a cikin kafireto ke mulki, in kuma aka murɗe shi duka, sai babban jet, watau ɗan ƙarfen nan mai huda wanda fetur ke bi. Don haka mai son a rage masa shan mai sosai, allurar nan ake saukarwa ko a sa masa jet mai ƙaramar huda. To, a nan ne ake yin ɓarna.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, har ta haura naira 1,000 a wurare da yawa a ƙarshen 2024. Ɗan acaɓan da ke biyan balas kullum ga mai babur, ko wanda ya karɓi nasa bisa biyan sannu-sannu, ba wanda zai ga laifinsa in ya je gareji ya ce a shaƙe masa kafireto. Sai dai waɗannan babura ba su da lagireto. Iskar hanya ce kaɗai ke sanyaya su, tare da baƙin mai da bai fi kimanin lita ɗaya ba. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Azare yakan haura digiri 40. A ɗauki injin da aka shaƙe, a ɗora masa mutum biyu da buhu, a sa shi cikin rairayi da giya ta ɗaya, inda yake kuka da ƙarfi amma iskar da ke bugunsa kaɗan ce. Abin da ke biyo baya sananne ne: bawul ya ƙone, ringi ya saki, baƙin mai ya tsinke kamar ruwa, wani lokaci ma fistin ya kama a cikin silinda a tsakiyar daji. Ribar man wata uku sai ta tafi a sauke inji sau ɗaya, ban da kwanakin da za a yi ba aiki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wani abin mamaki shi ne, sau da yawa babur ɗin da ake kuka da shi kan shan mai ba setinsa ne ya lalace ba. Ƙurar hunturu ce ta toshe masa matatar iska, ko tayarsa ba ta da isasshiyar iska, ko sarƙa ta bushe, ko birki yana riƙewa. Wasu kuma sukan cire matatar gaba ɗaya wai don inji ya sha iska, alhali kuwa yashin da ke shiga yana goge silinda kamar yadda ake goge tukunya da toka.

Zamanin Ƙwaƙwalwar Inji

A ƙasashen da ake ƙera waɗannan babura an riga an juya wa kafireto baya. Tun 1980 kamfanin Kawasaki ya fitar da babur mai fesa mai da lantarki, amma an daɗe ana ganin abin na manyan babura masu tsada ne. Dokokin rage hayaƙi ne suka sauko da shi kan ƙananan. Ƙasar Sin ta tsananta tata doka a 2019, Indiya kuma daga ranar 1 ga Afrilu, 2020, abin da ya sa mafi yawan baburan da ake sayarwa a cikin waɗannan ƙasashe biyu suka koma sabon tsari, ko da yake an ci gaba da ƙera masu kafireto domin kasuwannin Afirka.

A sabon tsarin, wata 'yar kwamfuta ce a ƙarƙashin kujera, wadda za a iya kira ƙwaƙwalwar inji, ke yin aikin kunnen bakanike. Na'urori suna kai mata rahoton yadda aka murɗa totur, da zafin inji, da zafin iska, da abin da ya rage a cikin hayaƙin salansa. Ita kuma sai ta duba wani jadawali da aka rubuta mata a masana'anta ta yanke yawan man da za a fesa da lokacin da filogi zai ba da wuta, tana maimaita wannan lissafi sau da dama a cikin daƙiƙa ɗaya. Irin wannan babur yana tashi da sanyin asuba ba gardama, yana kuma tsimin mai ba tare da an shaƙe shi ba.

Shi wannan jadawali ana iya sauya shi. A Turai da Amurka akwai masu sana'ar haɗa babur da kwamfuta ta waya su shigar masa da sabon lissafi ta wata manhaja, akwai kuma na'urori irin su Power Commander da ake liƙawa su riƙa gyara umarnin da ƙwaƙwalwa ke bayarwa. Galibinsu ƙarin ƙarfi da gudu suke nema. Masu hankali a cikinsu ba sa taɓa komai sai an ɗora babur a kan injin gwaji ana auna hayaƙinsa. Masu garaje kuwa sukan kwaso lissafin wani daga intanet su zuba wa nasu, su ƙona inji, kamfani kuma ya ce garanti ya faɗi. Hukuma ma ba ta ƙyale ba: a watan Agusta na 2016 kamfanin Harley-Davidson ya yarda zai biya tarar dala miliyan 12 a Amurka saboda sayar da irin waɗannan na'urori kimanin 340,000 da ke sa babura fitar da hayaƙi fiye da ƙa'ida.

Mai karatu zai lura cewa cutar ɗaya ce. Bature yana taɓa lissafi don gudu, ɗan acaɓan Gamawa yana taɓa jet don tsimi, dukansu kuwa suna gusar da inji daga ma'aunin da maƙeransa suka gwada suka aminta da shi. Bambancin kawai, kuskuren sukudireba ana gyara shi da sukudireba a gindin bishiya, na kwamfuta kuwa sai da kwamfuta.

Ko ba jima ko ba daɗe waɗannan babura za su iso kasuwar Azare da yawa, domin masana'anta ba za ta dawwama tana ƙera iri biyu ba. A ganina akwai abubuwa biyu da ya kamata a tsaya a kansu tun yanzu. Na farko shi ne ingancin mai. Hudar da ke fesa fetur a sabon inji ta fi ta jet ƙanƙanta nesa, famfon da ke tura shi kuma a cikin tanki yake, ba ya jure datti ko ruwa. Mutumin ƙauye kuwa a kwalba yake sayen mansa wurin 'yan bumburutu, wani sa'in an yi masa algus da kananzir. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam ya lalata injuna a wasu biranen ƙasar nan. In har hakan ta faru da man da ya bi ta hannun hukuma, ina ga na kwalba? Kafireto in ya sha datti, yaron gareji zai kwance shi ya hure ya mayar cikin rabin sa'a. Famfo in ya mutu sai sabo. Haka kuma sabon tsarin yana dogara ƙwarai ga lafiyar batir da wayoyi, alhali babura da yawa a ƙauye sun shekara ba batir, da kiki kawai ake tayar da su.

Na biyu shi ne makomar kanikawa. Mun ga abin da ya sami masu gyaran mota sa'ad da motoci masu ƙwaƙwalwa suka shigo: ƙwararru da suka shekara talatin suna aiki suka koma lalube, masu motoci suka riƙa ɗaukar su zuwa Kano ko Kaduna don a sa musu na'urar gwaji. Mai mota yana iya ɗaukar wannan hasara, ɗan acaɓan Itas ba zai iya ba. Akwai hukumar tarayya mai kula da bunƙasa ƙere-ƙeren motoci, watau NADDC, wadda ke shirya wa kanikawa horo. Ya kamata Gwamnatin Jihar Bauci da ƙananan hukumomin Katagum da Zaki da Gamawa da Shira da Giade da Itas/Gadau su nemi a kawo irin wannan horo Azare, a kuma sa masu gyaran babur a ciki, kada a tsaya ga masu gyaran mota kaɗai. Ƙungiyoyin kanikawa da na 'yan acaɓa kuma suna iya haɗa kuɗi su sayi na'urar gwaji ko guda ɗaya a kowace babbar tasha. Dillalan da za su kawo sababbin baburan su ma a tilasta musu kawo kayan gyaransu tare, da littafin bayani cikin Hausa.

Kafin wannan lokaci, mai babur a yau yana da abin yi wanda bai kai kuɗin ringi ɗaya ba. Ya wanke matatar iska a kai a kai, musamman da hunturu, ya sauya baƙin mai a kan lokacin da littafin babur ya faɗa ko ma kafin nan in aikin rairayi yake yi, ya tace man kwalba da tsumma mai tsabta kafin ya zuba. In kuma an yi masa seti, to, bayan tafiyar yini guda ya sa a kwance filogi a gabansa ya ga launinsa da idonsa.