Ƙarin sipirin ba ƙarin birki ba ne: gaskiya da ƙarya a kan jan kaya da tsohuwar mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya ranar kasuwar Batsari, ko ya bi hanyoyin da ke haɗa Dutsin-Ma da Safana da Runka, ya san motocin da ke ɗauke da arzikin yankin: tsofaffin a-kori-kura, Golf da ta sha wuya, J5, da 'yan ragowar Peugeot 504 da suka ƙi mutuwa. Rogo, dankali, gero, awaki, fasinja, duk a tafiya ɗaya. Wanda ya ga ciki da sama sun cika, sai ya nufi wurin mai walda a haɗa masa 'yar tirela mai taya biyu, ya ɗaura a baya. Da bayan motar ya durƙusa, shawarar da za a ba shi a tasha ɗaya ce: "Maigida, je ka a ƙara maka falle biyu na sipirin, an wuce wurin."

A cikin maganganun da ake yi kan wannan aiki akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai kuma wadda ke kashe mutane.

Kirarin da ake yi wa 504 cewa an yi ta don muguwar hanya ba ƙarya ba ne. Ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, kuma a 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi a kan burji da laka. A wannan shekarar ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, ya kuma ci gaba da fitar da 504 shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. Cikinta a ɗage yake, sipirinta na da doguwar tafiya, ga shi tayoyin baya ne ke tura ta. Wannan na ƙarshen yana da amfani wajen ja: nauyin da ya sauka a baya yana ƙara danne tayoyin da ke aiki. Golf kuwa da gaba take ja, saboda haka duk abin da ya ɗaga mata hanci ya rage mata riƙo, shi ya sa za ka gan ta tana haƙa yashi a wurin da tsohuwar Peugeot ta wuce salin-alin.

Gaskiya ne kuma cewa Turawa sun daɗe suna jan ɗaki mai taya da irin waɗannan motoci lokacin hutu, da gado da murhu a ciki. Masu kafa hujja da wannan sukan tsaya a nan, ba sa ƙarasa labarin. Waɗancan ɗakuna suna da birkin kansu, wanda ke kamawa da zarar tirelar ta matso bayan motar. A Ingila, tirelar da ba ta da birki ba a yarda ta wuce kilo 750 ba, kuma ba a yarda ta wuce rabin nauyin motar da ke janta ba. Ita 504 nauyinta wajen kilo 1,200 ne. Rabinsa 600 ke nan, har da ƙarfen tirelar kanta. Cire nauyin ƙarfe da tayoyi, abin da ya rage bai fi buhun masara huɗu ko biyar ba. Tirelar da mai walda ya haɗa da tsohon aksil ba ta da birki, amma buhu goma ake jibga mata.

Yanzu ga babbar maganar. Shin ƙarin sipirin yana ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya?

Yana ɗaga ta, wannan kam ido ya gani. Amma sipirin ɗaya ne cikin abubuwan da ke ɗaukar nauyi. A ƙarƙashinsa akwai aksil, da boris, da kusoshin taya, da tayar kanta. A samansa akwai shasi wanda ya shekara talatin ko arba'in yana shan ruwa da tsatsa. Babu ɗaya cikinsu da ya samu labarin an ƙara falle biyu. Abin da ya canza kawai shi ne motar ta daina nuna gajiyarta. Durƙuson nan da direba ke jin haushinsa shi ne gargaɗin da take yi masa, kamar ɗingishin jaki da aka yi wa lodi fiye da kima. An kawar da ɗingishin, kayan suna nan.

Akwai ma ƙarin ɓarna. Sipirin da ya yi tauri fiye da ƙima ba ya shanye bugun rami, sai ya miƙa shi kai tsaye ga shasi da wuraren da aka ɗaure shi. A kan gargadar burji, nan ne tsagewa ke farawa, kusa da kunnen sipirin. Idan kuma motar ta sauke kaya ta dawo fayau, bayanta sai ya riƙa tsalle, tayoyi suna rabuwa da ƙasa a kwana. Masu gasa falle da wuta don a lanƙwasa shi ya ƙara tsayi kuwa, sun kashe ƙarfen: zafin yana cire masa taurin da aka ba shi a masana'anta, ko ya sake kwantawa da wuri, ko ya karye. Haka cusa katako ko guntun taya a tsakanin zagayen sipirin mai naɗi, irin na 504 ƙarama da mai dogon baya. Ita a-kori-kurar 504 ce mai falle-falle.

Ba ina cewa kada a taɓa sipirin ba. Wanda ya shekara talatin yana aiki ya riga ya kwanta, kuma mayar da mota tsayinta na asali gyara ne na ƙwarai: fitila ta daina haska sama tana kashe wa masu tahowa ido, aksil ya daina dukan bodi. Ko falle ɗaya aka ƙara saboda mota kullum cikin lodi take, babu laifi, muddin an yi wa ɓangarorin biyu daidai, aka sa sababbin ƙarafan ɗauri masu isasshen tsayi. Laifin yana wurin wanda ya fito daga gareji ya ƙara buhu uku a kan abin da ya saba.

Shakazoba ma ana yi masa ƙarya. Ba ya ɗaukar nauyi, aikinsa hana mota ci gaba da lilo bayan ta faɗa rami. Sabo ba zai ɗaga bayan da ya durƙusa ba, amma matacce yana da haɗari ga mai jan tirela.

Abin da kowane irin sipirin ba zai gyara ba shi ne lissafin ƙugiya. Wurin da ake ɗaura tirela yana bayan tayoyin baya ne, da nisan mita ɗaya da 'yan kai. Duk nauyin da ya sauka a nan yana danna baya, yana ɗaga gaba. A mota mai tsawon 504, kilo 100 a kan ƙugiya yana zare kusan kilo 40 daga tayoyin gaba ya mayar baya. Su kuwa tayoyin gaban nan su ne sitiyari, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Direba zai ji sitiyari ya yi sakayau a hannu, wani har ya ji daɗi. Ba abin daɗi ba ne, riƙon ƙasa ne ya ragu.

Daga nan ne wata shawarar ta samo asali, wadda ta fi ta farko muni: wai a tura kayan can ƙarshen tirela don a sauƙaƙa wa mota. Motar za ta miƙe tsaf, gaskiya ne. Amma tirelar da nauyinta ke bayan tayoyinta, da an ɗan taka wuta sai ta fara kaɗa wutsiya, dama da hagu, kowane kaɗi ya fi na baya faɗi, har ta juya motar. Abin da ke tayar da ita ba shi da yawa: babbar mota ta wuce, ko a kauce wa rami. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka tsaya a kai ita ce mafi nauyin kaya ya zauna ƙasa-ƙasa, a kan aksil da ɗan gabansa, yadda wani ɗan kaso na nauyin zai danna ƙugiya. A Amurka kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari suke cewa, a Ingila 5 zuwa 7. In kaɗin ya fara, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe. Danna birki da ƙarfi a lokacin yakan ƙara dagula lamarin. Masu jan tankin ruwa su lura: lita 1,000 tan ɗaya ce cur, kuma tankin da ke rabi ya fi cikakke wuyar sha'ani, domin ruwan yana gudu gaba da baya yana hankaɗa motar.

Ita ƙugiyar, a shasi ake ɗaure ta da kusoshi, ba a bamba ake liƙa ta da walda ba. A kuma haɗa da sarƙa, ko da ƙugiya ta ci amana.

Sai birki, wanda ba a cika zancensa a tasha ba saboda ba a ganinsa. Motar kilo 1,200 da ta jawo kilo 600 marar birki, tayoyinta huɗu ne za su tsayar da kilo 1,800. Inda take tsayawa a taku 20, yanzu sai wajen 30. Gudu kuma ba ya ƙaruwa da adalci: daga kilomita 40 zuwa 80 a awa, aikin da birki zai yi ninki huɗu ne, ba biyu ba. Duk wannan aikin zafi yake zama. Man birki yana shan danshi daga iska yana tsufa. Sabon DOT 3 sai ya haura digiri 200 kafin ya tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a wajen 140. Da ya tafasa, ƙafa za ta nutse har ƙasa babu abin da ya kama. To ina ga masu cewa ruwan omo yana maye gurbin man birki? Zai kama da safe a cikin gari, shi ya sa ƙaryar ta daɗe. Amma ruwa ne, a digiri 100 yake tafasa, yana kuma cinye ƙarfe da tsatsa daga ciki.

Maganar ƙara wa taya iska idan za a yi lodi gaskiya ce, kamfanonin mota da kansu suna faɗin haka, domin tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lanƙwasa ta yi zafi ta fashe. Sai dai iska ba ta wuce da taya iyakarta. Iyakar tana rubuce a gefenta da lamba: 82 na nufin kilo 475, 91 kilo 615, 100 kilo 800. Akwai kuma lambobi huɗu na ranar haihuwarta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 mako na 23 ne na 2019. Tayar gwanjo mai kyan zane tana iya zama tsohuwa tukuf, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta daɗe tana jan kunne a kan haka. Mai faci zai nuna maka lambar in ka tambaya. Hakazalika mafi yawan motocin da suka fito daga Turai suna da ɗan faranti a ƙarƙashin bonet ko jikin ƙofa mai lambobi huɗu: iyakar nauyin mota da kayanta, iyakarta tare da tirela, sannan iyakar aksil na gaba da na baya.

Cire tamostat kuwa, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi, tsohon zance ne. Idan ya maƙale a rufe, lallai inji zai tafasa, maganinsa a sa sabo. Cire shi ba ya ƙara wa lagireto girma. Abin da yake jawowa shi ne inji ya daɗe bai ɗumama ba da safiyar hunturu, ya sha mai, ya ci jikinsa. Motar da ke tafasa in tana ja, a duba lagireton da ruwan rijiya ya toshe da gasa-gasa, da bel ɗin fanka, da murfin da ya daina riƙe iska.

Jan da aka fi yi a hanyoyin nan ma ba na tirela ba ne, na motar da ta mutu ne, da igiya. Ana ɗauka tunda akwai direba a ciki, akwai birki. A motar da birkinta ke samun taimako daga inji, har da 504, in inji ya mutu taku biyu ko uku ne za a samu da sauƙi, daga nan feda ta zama dutse. In an zare makulli, sitiyari yana iya kullewa a kwanar farko. Sandar ƙarfe ta fi igiya nesa ba kusa ba, kuma motar da ke canza giya da kanta ba a janta nesa da tayoyinta masu aiki a ƙasa, sai a kira janwe.

Na san hujjar da direban Batsari ko Safana zai kawo, kuma ba ta wasa ba ce. Shekarun da yankin ya yi yana fama da 'yan bindigar dajin Rugu sun koya wa kowa cewa ba a son yamma ta riski mutum a hanya, ga mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023. Saboda haka ake haɗa sawu biyu a ɗaya, a kuma taka wuta. Amma lodi da gudu su ne abubuwa biyu da ke fasa taya, su ƙona boris, su karya falle, kuma ba a tsakiyar tasha suke yin haka ba, sai an yi nisa da gari. Mai tirela marar birki da ke son isa kafin la'asar sakaliya, abin da ke hannunsa shi ne ya rage buhu, ya tashi da wuri, ya bi hanya da gudun da zai iya tsayar da kilo 1,800 in akuya ta gitta.