Ƙarfe Ba Ya Miƙewa: Sauya Gilashin Baƙin Tabarau a Libreville

Libreville na zaune ne a bakin Tekun Atalantika, tazararta da layin Ikwaita ba ta kai rabin digiri ba. Rana a nan tsaye take a ka kusan duk shekara, ga ƙyallin ruwa da ke dawo da haskenta cikin ido. Ko a ranin Yuni zuwa Satumba, da gajimare ke lulluɓe gari, ɓoyayyen hasken nan mai lahani da ake kira UV yana ratsowa. Saboda haka baƙin tabarau a garin nan ya wuce kayan gayu. A kasuwar Mont-Bouët, inda 'yan kasuwar Afirka ta Yamma suka yi yawa, da Hausawa a cikinsu, kala-kala ne a jere kan tebur.

Abin da ya fi saurin lalacewa a tabarau shi ne gilashin. Ya karce, ko fentin samansa ya ɓare, alhali ƙarfen na nan garau. Mai shi sai ya zo ya ce, "Alhaji, a canja mini idon kawai." Buƙatarsa daidai ce, ni ma ina bayanta, don jefar da ƙarfe mai kyau ɓarna ce. Sai dai aikin ya fi yadda ake ganinsa wuya.

Tabarau na roba, idan aka ɗumama shi yakan saki, a tura gilashi ya shige. Na ƙarfe ba haka yake ba. Zobe ne siriri mai kwarmi ta ciki, bakin gilashin kuma an fere shi da ɗan tudu mai siffar V don ya zauna cikin kwarmin, sai ɗan noti guda a gefe ya ɗaure zoben. Idan gilashin ya ɗara da ko rabin milimita, bakin zoben ba zai haɗu ba. Mai gaggawa sai ya danna sukudireba da ƙarfi, ko dai zaren notin ya cinye, ko gefen gilashin ya ɓantare. Idan kuma ya gaza, sai ya riƙa ƙwas-ƙwas a ciki, ran da mutum ya sunkuya alwala ya faɗo. Masu sana'ar suna da siririn zaren roba da suke shimfiɗawa cikin kwarmin don cike ɗan giɓi. Wannan dabara ce ta gaskiya. Ɗura gam kuwa kashe tabarau ne, yana cin fentin gilashi, gobe kuma babu mai iya kwance notin.

Duk mai sayar da tabarau ya kamata ya iya karanta lambobin da ke jikin hannun tabarau. Idan an rubuta 58, 14, 135, na farko faɗin gilashi ne, na biyu ratar da ke kan karan hanci, na uku tsawon hannun da ke zuwa bayan kunne, duka da milimita. Amma lamba ɗaya ba ta nufin siffa ɗaya. Samfurin nan na matuƙa jirgin sama da kamfanin Bausch & Lomb na Amurka ya fitar a 1937 da sunan Ray-Ban Aviator, yau masana'antu barkatai ke kwaikwayonsa, kowa da irin zagayensa. Gilashin 58 na wannan ba lallai ya zauna a 58 na wancan ba.

Sai batun lanƙwasa, wanda aka fi mantawa da shi. Gilashin tabarau ba shafaffe ba ne, yana da doro, kuma doron na da lamba: na yau da kullum yawanci 6, wanda ke rungume fuska 8. Ka sa mai 6 a ƙarfen da aka ƙera don 8, sai ka ga sama ya zauna ƙasa ya fito, ko hannuwan su buɗe, tabarau ya riƙa zamewa a hanci. Kamar murfin wata tukunya ne a kan wata: faɗin ya yi, amma bai rufe ba. Gilashin da aka matse da ƙarfi kuma yakan murɗe, mai shi ya yini da ciwon kai bai san dalili ba.

Akwai nau'in da ƙarfen rabi ne, zaren nailan ke riƙe gilashin ta ƙasa. Kamfanin Essel na Faransa ya fito da shi a 1955 da sunan Nylor. Shi gilashinsa tsagi ake yi masa a baki maimakon tudu, don haka ba ya musanya da na cikakken zobe.

Iskar Libreville ma tana da nata aikin. Danshi da gishirin teku da gumi su ne ke taruwa a kan ƙarfe. Yawancin ƙarafan masu sauƙin kuɗi akwai tagulla da nikel a cikinsu. Shi ya sa ake ganin koren datti a gindin 'yan robobin hanci, kuma shi ya sa noti ke ƙamewa. Noti da ya ƙame a ɗiga masa mai kaɗan, a ba shi lokaci, a kwance shi a kan farin kyalle don kada ya ɓace. Ba sai an zare shi gaba ɗaya ba, sassautawa kan isa. Wanda fatarsa ke ƙaiƙayi ko tabo inda ƙarfen ke taɓawa, sau da yawa nikel ne, gara ya nemi na titaniyam.

Abin da ya fi damuna shi ne wane gilashi ake sakawa. Baƙi daban, kariya daban. A bayan gilashi mai duhu ƙwayar ido buɗewa take yi, in ba ya tare UV, abin da ke shiga ya fi na wanda bai sa komai ba. Hasken nan yana cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido da tsiron naman da ke yaɗuwa daga gefen ido, cutar da ta fi kama masunta da masu yini a rana. 'Yar takardar UV400, mai nuna gilashi na tare UV, kowa na iya mannawa. Shagunan tabarau da dama suna da na'urar gwaji, kuma gwajin ba ya ɗaukar lokaci. A can ne kuma ake da injin da ke bin zagayen ƙarfen ya fere gilashi daidai da shi.

Ma'aunin ƙasa da ƙasa, ISO 12312-1, ya kasa duhu daga 0 zuwa 4. Mataki na 3 yana barin kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na haske, shi ya dace da ranar garin nan. Na 4 ya yi duhu da yawa, ba a tuƙi da shi, direban tasi ya kiyaye. Gilashi mai kashe ƙyallin ruwa, wanda masunta ke so, yana da sama da ƙasa: a zoben da'ira, in ya juya ya daina aiki. Kafin a ɗaure noti a ɗaga tabarau gaban allon kwamfuta a juya shi a hankali. Idon dama da na hagu su yi duhu a lokaci guda, in ba haka ba ɗaya ya karkace, a sassauta a gyara.